Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiya

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa.

An yi tarukan wata-wata duka, ban da na Agusta da ruwa ya hana.

Babban abin alherin bana shi ne gayyar gyaran hanyar daji da muka yi bayan kaka. Kun san yadda damina ta bar ta: daga inda ta rabu da kwaltar Garuwa zuwa Ngawundare har bakin mayo, wato rafi, zaizaya ta cinye gefe guda, amalanke ba ta wucewa sai an sauke itacen an ɗauka a ka. Ran gayya tun bayan sallar asuba matasa suka fito da diga da shebur da baro. Masu shanu suka yi ta jigilar marmara da duwatsu ba su karɓi ko dala ba. Iyayenmu mata masu tsintar kaɗanya da ɗorawa, waɗanda suka fi kowa shan wuyar hanyar nan, su suka dama kunu, suka kuma ɗebi dutse da kansu. Jauro, wato mai gari, ya zo ya tsaya har la'asar, malamin daji ma ya zo ya nuna mana inda za mu share ciyawa a gefen hanya don ta tare wutar rani. Da yamma babur mai ƙafa uku ya shiga har bakin mayo ya fito da kaya. Wallahi na ga dattijuwa tana guɗa. Allah ya saka wa duk wanda ya ɗiga gumi a ranar.

To, sai abin da ake ta tambayata a kasuwa: ina kwalbatin da za a yi a hanyar? Ba a yi ba. Siminti da rodi ba a samunsu da gayya, kuɗi ake biya, kuma abin da ya shiga asusu bai kai rabin abin da magini ya yanka ba. Na ƙi a fara aiki a bar shi tsakiya ruwa ya kwashe. Wanda ke zargi ya zo, littafin yana hannun ma'aji.

Takardun neman dajin al'umma, wato dajin da hukuma ke damƙa wa ƙauye ya kula da shi, ma suna nan inda muka bar su. Dokar daji ta Kamaru ta 1994 ce ta buɗe wa ƙauyuka wannan ƙofa, fili har hekta 5000, yarjejeniya ta shekara 25, amma sai da taron tuntuɓar maƙwabta, da taswirar iyaka, da tsarin yadda za a sari itace a kuma raya wurin. Mai auna iyaka kuɗi yake so. Ga shi an yi sabuwar dokar daji a 2024, dole mu je Garuwa mu ji abin da ya canza kafin mu kashe sisi, kuma zuwa Garuwa ma kuɗin mota ne. Mu da muke kusa da gandun dajin Binuwai da yankunan farauta da ke kewaye da shi, in ba mu da takarda a hannu, ba mu da bakin cewa nan namu ne. Tun da hanya ta gyaru, masu gawayi daga wani wuri sun fara shiga da dare, sun kayar da kirya da marke masu yawa. Mun kai ƙara. Shingen da muka ce za mu sa a bakin hanya yana buƙatar mai gadi, har yau mutum biyu kaɗai suka ba da suna.

Maganar kuɗin wata kuwa, na gaji. Na bi gida-gida, na aika saƙo ta WhatsApp, wasu in sun hango ni sai su canza hanya. Akwai waɗanda shekara ta zagayo ba su biya ko wata ɗaya ba, ba su zo gayya ba, amma amalankensu ce ta fara bin hanyar. Marasa hali mun san su, ba da su nake ba.

A taro mai zuwa za a karanta sunayen masu bashi, kamar yadda kuka amince bara. Wanda ke son kada a kira sunansa ya ga ma'aji kafin ranar kasuwar Ngong.

Magatakardan ƙungiya