Wasiƙa daga Daura zuwa gungun Yawuri

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa, ya baƙunta, ya aikin bautar ƙasa? Mu nan Daura lafiya lau, sai kewarka. Innarka tana gaishe ka.

Maganar da ka yi mini a waya ranar Juma'a ta tsaya mini a rai. Ka ce ka tambayi ɗalibanka wa ke son zuwa jami'a, aji ya yi tsit, har ka yanke hukunci cewa yaran gungu ba su da buri. Kada ka ƙara faɗin haka, ko da a zuci.

Kai ka tashi kana ganin yayyenka suna haɗa kaya zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma, a ƙasar da Kwalejin Katsina ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Burinka a ƙofar gida ka tarar da shi. Ni kuwa a ƙauyenmu har na yi wayo ban san akwai karatun da ya wuce firamare ba, sai da aka turo mana wani malami. Yakan kira ni in riƙe masa littattafai, yana ba ni labarin Zariya muna tafe. Allah ya jiƙansa. To yaron da ya buɗe ido ya ga kwale-kwale da taru da kasuwar kifi, wa ya taɓa gani ya tafi jami'a ya dawo? Gani ya kori ji, kuma yau kai ne abin da suke gani.

Ka kuma yi lissafin da ubansa ke yi. Tun 2015 da kwamfuta ake zana jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, yanzu kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, cibiyar kuma tana ƙetaren ruwa. Ga kuɗin rajista, ga na jirgi, ga wurin kwana, alhali hannun yaron nan a kan taru yake kawo cefanen yau. In mace ce, fargabar ta ninka. Sannan mutanen nan suna da tarihi: da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu da gonaki, aka tashi dubban jama'a. Wanda aka taɓa raba shi da gidan kakansa da sunan ci gaba, dole ya yi nazari kafin ya miƙa ɗansa.

Don haka ka fara da iyayen. Ka je ka gaida liman da Sarkin Ruwa, ka zauna da masu gyaran taru, ka saurara kafin ka yi magana. Kada ka kushe kamun kifi a gaban ɗan masunci, da shi aka ciyar da shi. Ka gaya musu akwai kwalejin tarayya ta koyon harkar kifi a Sabuwar Busa, su san cewa boko ba lallai ya raba yaro da ruwa ba. Kwamfutar nan taka kuma ka bar ɗaliban su taɓa ta, ko sau ɗaya a mako, hannunsu ya saba tun kafin ranar jarrabawa.

Don Allah kada ka shiga jirgi da dare, ko wanda aka cika maƙil, kuma ka riƙa sa rigar kariya daga nutsewa ko za a yi maka dariya. Innarka ta ce in ka samu mai zuwa, ka aiko mata da bandar kifi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka