Bindigar Gida Mai Cin Harsashi: Tazarar da Ido Ba Ya Gani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan bindigogi ƙirar gida masu cin harsashin zamani, waɗanda suka yawaita a hannun 'yan sa-kai da mafarauta a ƙauyukanmu. Sana'ata koyar da aikin injin lat na sassaƙa ƙarfe, kuma daga nan nake kallon lamarin.

Adakar da 'yan bindiga ke bugawa a hawan Sallah ta baki ake ɗura mata albarushi, ƙarfinta kuma da sauƙi. Bindiga mai harsashi ba haka take ba. A gindin bututunta akwai gurbin da harsashi ke zama, sai kuma ƙarfen da ke tokare shi ta baya, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarfen nan da inda harsashin ya tsaya a cikin gurbi ita ce ran aikin gaba ɗaya. A manyan bindigogi irin na soja, bambancin da ke tsakanin gurbin da aka amince da shi da wanda masana'anta za ta ƙi kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, wato kimanin kaurin takardar rubutu. Idan tazarar ta yi yawa, kwanson tagulla na harsashin yakan miƙe har ya tsage, iskar wuta mai matsin da ya haura tan 3 a kan kowace murabba'in santimita ta dawo kan fuska da hannun mai harbi. Idan ta gaza, bindigar ba za ta rufu sosai ba, wanda shi ma haɗari ne.

Ba na raina gwanintar makeranmu da masu injin lat na Sabon Gari da Tudun Wada a nan Zariya, domin akwai masu hannu ƙwarai a cikinsu. Amma gwaninta ba ta maye gurbin ma'auni. Yawancin injinan da ke gareji-gareji tsofaffi ne, sun ci sun yi lako-lako, ƙarfen da ake samu kuwa sau da yawa na gwangwan ne wanda ba wanda ya san haɗinsa. Ko a Ingila, inda ake da ƙwararru da kayan awo, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Bamingham, inda ake harba kowace sabuwar bindiga da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi kafin a buga mata hatimi. Wanda ya sayi ta gida, da jikinsa yake yin wannan gwajin.

Dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ba tare da lasisi ba, kuma ina goyon bayanta, musamman ganin halin da Birnin Gwari da Giwa suka shiga. Sai dai kame kaɗai ba zai wadatar ba. Kamfanin ƙera makamai na ƙasa, DICON, yana nan Kakuri a Kaduna tun 1964, kuma an sabunta dokarsa a 2023. A nan Zariya muna da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli, kowace da sashen injiniyan injuna. Ina kira ga gwamnatin jiha ta haɗa kai da su a yi wa matasan da suka iya lat rajista, a koya musu awo da sanin ƙarfe, a ɗauki waɗanda suka yi fice aikin da doka ta yarda da shi, sauran kuma a ba su jarin ƙera kayan gyaran tarakta, injin niƙa da famfon ban-ruwa, waɗanda manomanmu ke nema ruwa a jallo.

Naka,
Wani malamin sana'ar ƙarfe,
Tudun Wada, Zariya