Kafin a sauya ciyawar filin golf, a duba abin da ke ƙarƙashinta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu kula da filayen wasan golf a Kaduna da kewaye kan batun sauya ciyawar girin, wato dandalin da ramin ƙwallo yake, da ta ti, inda ake bugun farko. Da zarar girin ya fara faci-faci, abin da ake fara cewa shi ne a sayo sabon iri. Sau da yawa ba irin ne da laifi ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa da kulawar da yake samu ne, kuma sabon ma haka zai lalace cikin damina biyu.

Ciyawar da ta dace da yanayinmu ita ce dangin ƙiri-ƙiri, wadda ake kira bamuda. Irin ta ƙasashen sanyi da ake gani a talabijin ba za ta jure zafin Maris da Afrilu ba. A garin Tifton na jihar Jojiya ta Amurka aka samar da nau'o'in bamuda irin su Tifway a 1960, Tifdwarf a 1965, daga baya kuma TifEagle. Dukansu ba sa yin ƙwaya mai tsirowa, da yankan jiki ake dasa su. Saboda haka duk wanda ya kawo ƙwaya a buhu ya ce Tifdwarf ce, a mayar masa da kayansa.

TifEagle ana iya aske ta har milimita 3, ƙwallo ya yi ta gudu sumul. Amma tana son aski kusan kullum da inji mai wuƙar nadi wadda ake wasawa a kai a kai, da injin tsaga da zai riƙa cire matacciyar ciyawar da ke taruwa a gindinta, da barbaɗa yashi duk bayan mako biyu zuwa uku. Kulob ɗin da ba shi da waɗannan ya tsaya ga Tifdwarf a milimita 4 zuwa 5, wannan ita ce shawararmu. A kan ti kuwa Tifway ce, a milimita 10 zuwa 12, don tana saurin rufe gurbin da sanda ta fizge. Inda dalbejiya ko mangwaro suka yi wa ti inuwa, ko a sassabe rassan ko a dasa zoysia, wata ciyawa da ta fi jure inuwa, domin bamuda na son rana kusan awa 8, sai dai zoysia tana da nawar rufe ƙasa.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin kashe tsohuwar ciyawa. Ƙiri-ƙiri tana da jijiyoyi masu tafiya a ƙarƙashin ƙasa, feshi ɗaya saman kawai yake ƙonawa. Sai an fara ba ta ruwa da taki ta yi kore shar, domin busasshiyar ciyawa ba ta shan magani. Sannan a fesa maganin kashe ciyawa na glyphosate, a jira mako uku, a sake ban ruwa, duk abin da ya tsiro a sake fesa shi. Aƙalla sau uku. Bayan haka a kankare saman da kimanin santimita 10 a kwashe shi nesa. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga tsohuwar ta dawo tsibi-tsibi, launinta daban, tsayinta daban, ƙwallo na tsalle a kanta, kuma babu maganin da zai cire ta ya bar sabuwar, tunda dangi ɗaya ne. Haka aya-aya ma take fitowa daga 'ya'yanta na cikin ƙasa idan ba a bi ta ba.

Tunda an buɗe wurin, lokacin gyara magudana ne. Tsarin hukumar golf ta Amurka shi ne bututun ruwa a ƙasa, tazararsu ba ta wuce mita 5 ba, tsakuwa santimita 10 a kai, sannan yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki santimita 30. Yashin kogi sai an wanke an tankaɗe, in ba haka ba lakar da ke cikinsa za ta toshe hanyar ruwa. Idan kuma aka shimfiɗa yashi siriri a kan jar ƙasarmu ko marmara, ruwan Agusta zai kwanta tsakaninsu, saiwa ta ruɓe.

A fara feshin tun Fabrairu ko Maris da ruwan burtsatse, a yi dashe a ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Dashen Agusta ruwa ke kwashe shi, na Oktoba kuma sanyin hunturu ke riskarsa kafin ya haɗe. Yankan da aka tono a dasa shi cikin kwana ɗaya ko biyu, don yana ɗaukar zafi a buhu ya mutu. A watsa, a danne da abin nadi, a rufe da yashi kaɗan yadda ganyen zai riƙa leƙowa. Mako biyun farko yayyafi ne sau huɗu zuwa shida a rana, kada saman ya bushe ko na awa guda da tsakar rana. Daga nan a riƙa sa yuriya giram 5 a kowace murabba'in mita duk mako, wato kilo 2.5 ga girin mai murabba'in mita 500, a bi ta da ruwa nan take don kada ta ƙona ganye. Askin farko bayan kimanin mako uku, a sama-sama, ana saukowa a hankali. Mako 8 zuwa 10 kafin a bar 'yan wasa su taka.

Muna kira ga kwamitoci kada su tayar da ramuka 18 lokaci guda. A keɓe wurin reno, a gwada irin a girin ɗaya na atisaye ya ga damina da rani, a yanka girin na wucin gadi a gefe domin wasa ya ci gaba. Kuma a rubuta cikin takardar kwangila sunan irin, inda aka samo shi, yawan feshi, da zurfin yashi, a auna kowanne kafin a biya kuɗin matakin.

Wassalam.

Wasu masu aikin kula da filayen wasa,
Kaduna