Wasiƙa daga Los Anjalas: Gadon da Koci John Wooden Ya Bari

Los Anjalas, Amurka

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da Baba da duk mutanen gida. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Na yi murna da jin cewa an danƙa maka yaran ƙwallon kwando na makarantarku, Allah ya taya ka riƙo. Ka ce in aiko maka da dabarun horarwa irin na nan, to na mutum ɗaya zan ba ka: marigayi John Wooden, kocin jami'ar UCLA da ke garin nan, wanda ya rasu ranar 4 ga Yuni, 2010, yana da shekara 99.

Ya riƙe ƙungiyar daga 1948 zuwa 1975. Ya ɗauki kofin jami'o'in Amurka sau 10 cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere, kuma akwai lokacin da suka yi wasa 88 babu wanda ya doke su. Wannan kowa yana faɗa. Abin da nake so ka riƙe shi ne, bai ga kofin farko ba sai a 1964, kakarsa ta 16. Shekarun nan a wani tsohon ɗakin motsa jiki suke atisaye, tare da 'yan kokawa da masu tsalle-tsalle, kuma da hannunsa yake goge filin kafin a fara. Saboda haka filin simintinku ba zai hana ka komai ba, domin abin da ya bari kusan duk ba ya cin kuɗi.

Darasinsa na ranar farko shi ne sa safa. Samarin da jami'o'i suka yi ta rububinsu zai zaunar da su ya koya musu. Ka yi wa yaranka haka: a naɗe safar, a zura yatsu, a ja ta a hankali har diddige ya zauna daidai, sannan a shafa da hannu a kan ƙaramin yatsa da tafin ƙafa da bayan diddige, kada a bar ko lanƙwasa ɗaya. A riƙe bakin safar yayin zura takalmi don kada ta tattare. Igiya kuwa daga ramin ƙasa ake fara ɗaure ta, rami bayan rami, a ƙulle sau biyu. Dalili shi ne wasan nan gudu ne da cin birki da juyawa. Lanƙwasa ɗaya tana goge fata ta tashi bororo, mai bororo kuma zai riƙa ɗingishi, ya kasa tsare abokin karawarsa. Wooden ya kuma lura yawancin yara suna sa takalmin da ya fi ƙafarsu, sai ƙafar ta riƙa zamewa a ciki. Wannan ya shafe ka ƙwarai, tunda kambas na gwanjo yaranka suke saya, kuma iyaye sun fi son babba don ya daɗe. Wanda nasa ya yi yawa, ya haɗa safa biyu.

Atisayensa wajen awa biyu ne, amma da safe shi da mataimakansa sukan ɓata kusan haka wajen tsara shi. Komai a rubuce yake a ɗan kati mai inci 3 da 5, minti bayan minti, yana aljihunsa. Ba a makara wajen farawa, ba a kuma ƙara lokaci. Yaron da ya san ƙarfe nawa za a tashi zai zuba duk ƙarfinsa, wanda bai sani ba zai riƙa ɓoye wani. Sabon abu da wuri ake koyar da shi, kafin gajiya ta toshe kai, kuma ba ya barin darasi ɗaya ya yi tsawo. Idan awa ɗaya da rabi gare ka bayan La'asar, ga shawarata: minti 10 ɗumama jiki da aikin ƙafa, 15 sabon darasi, 15 miƙa ƙwallo da kamawa, 15 jifa, 10 tsaro, 20 wasa biyar da biyar, biyar na ƙarshe kuma gasa mai daɗi da za ta sa su yi marmarin gobe. Ka rubuta a bayan katin abin da bai tafi daidai ba, ka adana, baɗi za ka gode.

Wajen jifa, yana son a bugi allo idan ana gefe. Ka sa su auna kusurwar sama ta ɗan murabba'in da ke jikin allon, ta ɓangaren da suke. Idan an goge zanen a allonku, fenti kaɗan ya isa.

Inda na fi so ka natsu shi ne yadda yake magana. A kakarsa ta ƙarshe wasu masana biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, sun zauna a atisayensa suka ƙidaya abubuwa 2,326 da ya faɗa ko ya nuna. Kusan rabi umarni ne tsantsa, yi kaza, ga yadda ake yi. Yabo bai kai kashi 7 cikin 100 ba, faɗa ma haka, kuma da wuya ya wuce daƙiƙa 20 yana magana. In yaro ya yi kuskure, sai ya nuna masa daidai, ya nuna abin da ya yi, ya sake nuna daidai, a ci gaba. Masu horarwa da yawa sukan tsayar da yara minti goma suna lacca, jiki ya yi sanyi, ko su ce wa yaro "ba ka da kai". Zagi bai gaya masa inda zai ajiye gwiwar hannunsa ba. Ka faɗi gyaran a taƙaice, ka busa usur, a maimaita har jiki ya haddace.

Ka ce yaranka gajeru ne. 'Yan wasansa biyar na farko a 1964 babu wanda ya wuce ƙafa 6 da inci 5, gajeru ke nan a wasan nan, amma sun ci wasa 30 ba su faɗi ko ɗaya ba. Makaminsu shi ne matsi a duk faɗin fili da tsarin 2-2-1, wanda mataimakinsa Jerry Norman ya matsa a yi. Da zarar kun ci, biyu su tsaya kusa da layin jifan kyauta na abokan hamayya, biyu a tsakiyar fili, ɗaya a baya. A bar su su shigo da ƙwallo, a tura mai ita zuwa layin gefe, mutum biyu su rufe shi da hannu a sama har ya cilla ta sama a ruɗe, na baya ya tsince. A dokar da kuke bi daƙiƙa 8 kawai gare su su tsallake tsakiya, agogo yana taya ku. Abu uku ke ɓata shi: yaro ya kai hannu don ƙwace ƙwallo ya jawo laifi, a bar tsakiya a buɗe, ko na baya ya yi caca ya fito a bar kwando babu mai gadi. Wanda ya fi karanta wasa za ka sa a baya. Kuma kada ka gwada shi sai yaran sun iya gudu har ƙarshen wasa. Wooden yana son zafin nama ba tare da gaggawa ba, mu ma mun san sauri kan haifi nawa.

Halinsa ma abin koyi ne. Duk wanda ya ci, dole ya nuna wanda ya miƙa masa, ko da ɗaga kai ne. A 1947, yana kocin jami'ar Indiana State, ya ƙi kai ƙungiyarsa wata gasa saboda an hana baƙar fata shiga, alhali yana da ɗan wasa baƙi, Clarence Walker. Da shekara ta zagayo aka janye dokar, Walker ya buga. Kareem Abdul-Jabbar, shahararren ɗan ƙwallon kwando wanda ya musulunta, ɗalibinsa ne, kuma zumuncinsu bai yanke ba har rasuwar kocin. Abu ɗaya ne ban yarda ka kwaikwaya ba: mutum bakwai ko takwas ya fi sawa a wasa, sauran su daɗe a benci. Shi kofin ƙasa yake nema, kai yaran sakandare kake reno, kowa ya samu ya taɓa ƙwallo.

Ka rubuto mini lambar takalman waɗanda ba su da shi, da adadin ƙwallon da kuke da su, in ga abin da zan haɗa kafin mai zuwa gida ya tashi. Ka gaida Inna da Baba da kyau, ka ce su ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaida amarya da yara.

Ka huta lafiya.

Naka,
Yayanka