Katsina zuwa Jidda: awa nawa ne a sama?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Duk shekara idan jigilar alhazai ta matso, sai gardama ta tashi a majalisun Ƙofar Soro da Ƙofar Ƙaura: wani ya ce awa huɗu ce zuwa Saudiyya, wani ya rantse bakwai ya yi a sama. Dukansu suna iya zama masu gaskiya.

Daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, a miƙe, kusan kilomita 3,500 ne. Zuwa Madina kuwa kusan 3,600. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama. Ka raba, za ka samu awa huɗu. Sai ka ƙara kimanin rabin awa na hawa da sauka, domin a lokutan nan jirgi ba ya cikakken gudunsa.

Wannan lissafi na hanyar da ta ratsa Chadi da Sudan ta tsallaka Bahar Maliya ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu suka koma kewayawa, tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu ko fiye. Ƙarin tafiya kuwa ƙarin mai ne, mai kuma nauyi ne. Ga zafin Katsina: iska mai zafi ba ta da kauri, injin ba ya samun cikakken ƙarfi, sai jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Shi ya sa jirgi mai cike da kaya ya fi samun sauƙin tashi da dare ko da asuba.

Inda aka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma lokacin sauka da ake rubutawa a tikiti na can ne. Jirgin da ya tashi ƙarfe 11 na dare ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka ƙarfe 5:30 na asuba agogon Jidda, alhali a gida 3:30 ne. A dawowa kuma sai a ga kamar awa biyu da rabi kacal aka yi. Mai ciwon suga ko hawan jini ya lura da wannan: ya ƙirga awannin da ke tsakanin shan magani, kada ya bi agogon wayar da ta sauya kanta, kuma maganin ya kasance a jakar hannu.

Haka batun harama. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, ya ɗaura tun daga gida ko a jirgi, ya yi niyya kafin a wuce daidai da miƙati. Mai sauka Madina sai a Zul Hulaifa.

Muna roƙon malaman bita su riƙa faɗa wa maniyyata hanyar da jirginsu zai bi, da awannin tafiya, da lokacin sauka a agogon ƙasashen biyu, musamman dattawan da ke tahowa daga Daura, Mani da Funtuwa, waɗanda sun riga sun sha hanyar mota da zaman sansani kafin a kira su hawa jirgi.

Daga wasu masu harkar tikitin jirgi,
Katsina.