Kalmar "remove" ta zama jakin ɗaukar kowane kaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin malaman Turanci na makarantun Katsina da Daura kan kalmar "remove", wadda ɗalibanmu ke ɗora wa kowane kaya. Daga Koriya zan kawo misali, domin matsalarsu da tamu uwa ɗaya uba ɗaya ce.

Ɗan Koriya ba ya zaɓen aikatau sai ya dubi yadda abin ya zauna. Riga da takalmi da hula "beotda" ake yi musu, wato tuɓewa. Abin da ya shige ya matse, kamar zobe a yatsa, "ppaeda" ne, zarewa ke nan. Abin da aka manna "tteda" ne, rubutun allo "jiuda", kwanukan da aka gama cin abinci kuwa "chiuda", kamar yadda mu ma muke raba ɓamɓarewa da gogewa da kwashewa. Tun a 1991 masana harshe Soonja Choi da Melissa Bowerman suka nuna cewa yaran Koriya kan fara bin wannan rabo na harshensu ba su ko cika shekara 2 ba.

Shi Bature ba ruwansa da matsewa. Tambayarsa ɗaya: a kai abin yake ko a ciki? In a kai ne "take off", in a ciki ne "take out". To nan ake tuntuɓe. Zobe a yatsa da mabuɗi a kwaɗo duk "ppaeda" ne a wurin ɗan Koriya, amma a Turanci zoben "off" ne, mabuɗin "out". Da ɗan Koriya ya ruɗe sai ya fake da "remove", daidai da yadda yaranmu ke fassara "cire". Nahawu bai ɓaci ba, sai dai kalmar ta takardar ofis da umarnin likita ce. A zaure "take off your shoes" ake cewa.

Akwai ƙananan kurakurai biyu. Wakilin suna tsakiya yake shiga: "take it off", ba "take off it" ba. Sannan babu harafin "v" a Koriyanci, haka ma Hausa, shi ya sa mu da su duk "b" muke furtawa a ƙarshen kalmar "remove". Maganinsa a ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa.

Shawarata malam ya shigo aji da hula, zobe, kwalba mai murfi, kwaɗo da mabuɗinsa, da littafi a jaka. Minti 10 ya isa. Ya cire abu ɗaya, ya tambaya a kai yake ko a ciki, ɗalibi ya faɗi jimlar da sunan abin, ya maimaita da "it". Sai mako na biyu a kawo "remove", tare da "from" ɗinta, don rubutun jarrabawar WAEC da NECO.

Wassalam.
Wani malamin Turanci, Katsina