Harafi biyu a takardar hayar shago

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili.

Ni malami ne a wani ajin dare na manya a Agege. Ɗalibaina masu albasa da tumatir ne daga kasuwar Mile 12, da mahauta daga mayankar Oko-Oba, sai 'yan canji da direbobin tirela. Turancin buroka kam ba a sayar da su da shi. Takarda ce ke kayar da su.

Watan jiya maƙwabcina ya shigo mini da takardar hayar shagonsa, ransa a ɓace. Wai wakilin mai gida ya zo karɓar kuɗin gadi da na shara, alhali shi a saninsa sai bayan shekara 2 zai sake biya. Da na duba sai na ga an rubuta biannual. Yaron da ya karanta masa tun farko ya ɗauka biennial ce. Ta farko tana nufin sau biyu a shekara, ta biyu kuwa sau ɗaya cikin shekara biyu. Harafi biyu kacal suka raba su, amma abin da ya zaci zai biya sau ɗaya, sau huɗu ne ke jiransa. Ya riga ya sa hannu, bakin alƙalami ya bushe. Na dai faɗa masa cewa dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar kuɗin haya na fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya, in ban da unguwanni irin su Ikoyi da Apapa. Don haka duk wanda aka ambata masa shekara 2 a maganar haya, ya tsaya ya sake dubawa.

A takardar nan dai akwai lessor da lessee, kuma bai san wanne ne shi ba. Akwai dabarar da nake koya wa 'yan ajina: a irin waɗannan tagwayen, mai ƙarewa da or ko er shi ne mai bayarwa, mai ƙarewa da ee shi ne mai karɓa. Lessor mai gida, lessee ɗan haya. Employer mai ɗaukar aiki, employee ma'aikaci. A takardar lodin da ke biyo mota daga Kano, consignor shi ya turo kaya, consignee shi zai sauke. A musanya sunaye a nan, sai a kwana ana rigima a tasha.

Wani dattijo kuma ya hana kansa barci don saƙon banki ya ce debit, shi kuwa ya karanta debt, ya zaci bashi ake bin sa. Kuɗin da ya cira da hannunsa ne ake sanar da shi. Haka seize da cease: ɗaya ƙwace kaya, ɗaya dakatar da abu. Mai kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa ya san ba ɗaya ba ne.

Abin da ke ba ni mamaki, mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne. Yaro ɗan shekara 5 ba ya rikita gari na zama da gari na tuwo, ko kuka na hawaye da kuka ta miya. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba kafa da ƙafa, kare da ƙare. A nan ma, Malam Edita, ina da ƙorafi: sau da yawa lanƙwasar nan kan ɓace a shafukanku, sai mai karatu ya yi ta canki-canka.

Roƙona ku ware mana ɗan gurbi duk mako, a ɗauko kalmomi biyu masu kama da juna a warware su da Hausa. Kada a kwaso su daga tambayoyin jarrabawar WAEC, 'yan makaranta suna da malamansu. A ɗauko daga takardar haya, rasit, saƙon banki da takardar asibiti. In kun amince, ina da littafin rubutu guda cike da waɗanda ɗalibaina suka kawo mini, zan fara aiko muku da bought da brought.

Naku,
Malamin ajin dare,
Agege, Legas.